Auren Jinsi: Ba A Ɗaura Ba, Amma Ana Ta Kame

Ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar haramta auren jinsi, shiru ba sanarwa, sai bayan kusan mako guda labarin ya fito. Da ya fito kuwa, ƙasa ta ɗauka. Limamai sun yaba a huɗuba, fastoci sun yaba a coci, har waɗanda ba su taɓa ganin farin Jonathan ba a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ranar sun ce ya yi abin kai. Da wuya a sami wata doka da ta haɗa bakin Musulmi da Kirista a Najeriya kamar wannan. A binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2023, kashi 2 cikin 100 ne kacal na 'yan Najeriya suka ce suna goyon bayan a halatta auren jinsi, alhali a Suwidin kashi 92 ne.

Ni ma ina cikin masu rinjayen, gara in faɗa tun da wuri kafin wani ya yi mini fassara. Aure a addinina tsakanin namiji ne da mace. Labarin mutanen Annabi Luɗu yana nan a A'arafi da Hudu da Shu'ara'i da Namli da Ankabutu, kuma babu wata mazhaba, ta Sunna ko ta Shi'a, da ta taɓa ɗaura wa maza biyu ko mata biyu aure. Ban zo neman wata sabuwar fatawa ba. Abin da ya dame ni daban ne: fiye da shekara goma da kafa dokar nan, idan aka duba abin da ta haifar a ƙasa, ba a ganin auren da ta hana, sai kame da tozarci da ƙazafi da tatsar kuɗi. Waɗannan kuwa addinin da muke cewa muna karewa ya haramta su, kuma ba da wasa ya haramta su ba.

Duk wanda ya taɓa samun sahun gaba a wajen ɗaurin aure ya san yadda abin yake a wurinmu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a harabar masallaci bayan an sauko Juma'a. Wakilin ango ya matso gaban waliyyin amarya, liman ya tambaya ko an biya sadaki, a faɗi adadinsa, a faɗa ko lakadan ne ko ajalan. Wakili ya nema, waliyyi ya bayar, jama'a su shaida, a yi salati, a shafa fatiha. Maroƙi ya miƙe ya kwarara wa na nesa cewa an ɗaura auren wane da wance a kan sadaki kaza, sai goro da alawa su fara zagayawa. A cikin wannan duka ina gwamnati? Ba ta nan. Mafi yawan aurarrakin Hausawa ba su taɓa ganin ofishin rajista ba, kuma babu wanda ya ce ba su ɗauru ba. To kafin maza biyu su yi aure a Zariya ko Gusau, sai sun sami waliyyin da zai bayar, limamin da zai ɗaura, da jama'ar da za su zauna su shaida. A ina za su samo su? Ta ɓangaren boko ma, dokar auren rajista da muka gada daga Turawa miji da mata ta sani. Ƙofar a rufe take tun fil azal, kuma babu wata ƙungiya da ta je Majalisa ko kotu tana neman a buɗe ta lokacin da gwamnatin Obasanjo ta fara kawo ƙudurin a 2006.

A ƙasashen Yamma lissafin ya sha bamban, kuma yana da kyau mu gane abin da suke jayayya a kai, ko da ba mu yarda da inda suka dire ba. A can aure takardar gwamnati ce, kuma a jikin takardar aka rataye haraji da gado da fansho da inshorar lafiya da izinin zama a ƙasa, har da wanda likita zai saurara idan mutum ya fita hayyacinsa. Holan ce ta fara halattawa a 2001. Shari'ar da ta buɗe ƙofa a duk faɗin Amurka ta faro ne daga takardar shaidar mutuwa. Jim Obergefell, mutumin jihar Ohayo, abokin zamansa yana fama da ciwon da ba ya jin magani, sai suka ɗauki jirgin marasa lafiya zuwa jihar Merilan a 2013, aka ɗaura musu a cikin jirgin a filin sauka, suka juyo gida. Da mutumin ya kusa cikawa, Obergefell ya nemi a rubuta sunansa a takardar mutuwa a matsayin wanda mamacin ya bari, Ohayo ta ƙi. Daga nan magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ranar 26 ga Yunin 2015 ta yanke cewa dole kowace jiha ta ba da lasisin irin wannan aure. Alƙalai biyar ne suka rinjayi huɗu. Ƙuri'a ɗaya tal.

Kuma rigimar ba ta mutu ba. Watanni kaɗan bayan hukuncin, wata magatakarda a jihar Kentaki mai suna Kim Davis ta ƙi sa hannu a lasisin saboda imaninta na Kirista, alƙali ya tura ta gidan yari, ta yi kwana biyar. Wani mai gasa kek a Kolorado da ya ƙi yin kek ɗin bikin maza biyu sai da ya kai Kotun Ƙoli kafin ya sha a 2018, shi ma da ƙyar, don kotun ta kauce wa ainihin tambayar. A Ingila, dokar 2013 da ta halatta auren jinsi ita ce kuma ta hana Cocin Ingila ɗaura shi. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Disambar 2022 ta tilasta wa jihohi su amince da auren da aka ɗaura a wata jiha, amma ta ce ba za a tilasta wa coci ko masallaci ɗaurawa ba. Wannan dokar dai ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da auren mace fiye da ɗaya ba. A nan kam dole Bahaushe ya yi murmushi. Ƙasar da ta ce soyayya da yardar manya biyu sun isa hujja, ita ce har gobe take ɗaukar Alhaji mai mata biyu, da yardarsu da shaidar iyayensu, a matsayin mai laifi. Ba ni na fara lura ba: Alƙalin Alƙalan Amurka John Roberts da kansa ya rubuta a hukuncinsa na marasa rinjaye cewa hujjojin da aka kafa za su iya hawa kan auren mata da yawa. Ashe kowace al'umma tana da layin da ta ja, kuma daga tarihinta da addininta take jawo shi, ko ta amsa ko ta musa. Saboda haka ban ga dalilin da za a ce Najeriya ba ta da ikon jan nata ba. A duk nahiyar Afirka ma, Afirka ta Kudu ce kaɗai ta halatta, a 2006, bayan kotun tsarin mulkinta ta ba majalisa wa'adin shekara guda.

Makwabtanmu Kirista sun fi mu shan wannan gwagwarmaya, don a cikin ɗakinsu wutar ta tashi. Taron bishop-bishop na Angilika na duniya, wanda ake kira taron Lambeth, da aka yi a Ingila a 1998 ya tsayar da cewa aure na namiji ne da mace. A 2003 reshen cocin na Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop alhali yana zaune da namiji a fili. Babban Bishop Peter Akinola na Najeriya yana cikin waɗanda suka ja daga, suka yanke hulɗa, har suka kafa nasu zauren a Ƙudus a 2008. Da Cocin Ingila ya amince da yi wa masu irin wannan zama addu'ar albarka a Fabrairun 2023, Cocin Najeriya ya sake cewa bai san zancen ba. A Disambar shekarar fadar Fafaroma Francis ta fitar da takarda mai ba limaman Katolika damar sa albarka ga irin waɗannan mutane, tare da jaddada cewa ba aure ba ne. Bishop-bishop na Najeriya suka ce a nan ba za a yi ba, kuma a Janairun 2024 na Afirka suka haɗu a kan haka, fadar ta ƙyale su.

Abin da nake so a lura da shi a nan shi ne, duk wannan tsayin daka an yi shi ba ɗan sanda, ba ankwa, ba gidan yari. Malaman addini sun ce ba za mu ɗaura ba, kuma ba su ɗaura ba. Har Fafaroma bai iya lanƙwasa su ba. Addinin da yake da irin wannan ƙarfi a zukatan mabiyansa ba ya cikin haɗarin da sai an kama yara a wajen bikin zagayowar ranar haihuwa kafin ya tsira.

Na san abin da ya tunzura Majalisa. A Oktoban 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta luwaɗi. Wata guda bayan haka Majalisar Dattawa ƙarƙashin David Mark ta zartar da ƙudurin, ana ta faɗin su riƙe tallafinsu. Barazanar wauta ce, kuma akwai rainin hankali a ciki, domin sashe na 214 na kundin laifuffukan Kudu da sashe na 284 na Final Kod ɗin Arewa, masu ɗaurin shekara 14, Turawan Ingila ne suka rubuta mana su. Na Arewa ma ya biyo ta Sudan ne daga kundin da suka tsara wa Indiya a 1860. Wanda ya kawo maka doka jiya, yau ya dawo da bulala yana cewa don me ka riƙe ta. Haka aka sake yi wa Yuganda a 2023, Bankin Duniya ya dakatar da sababbin basussuka, Amurka ta cire ta daga AGOA, tsarin cinikin da ke sassauta wa kayan Afirka haraji, kuma dokar tana nan daram. Matsin lamba daga waje bai taɓa sassauta zuciyar kowa a nan ba, sai dai ya ƙara wa waɗanda ake cewa ana karewa baƙin jini, a riƙa kallonsu a matsayin 'yan koren Turawa. Amma fushi da Cameron ba ya mayar da doka mai aibi ta zama mai kyau. Mu ne za mu zauna da ita, ba shi ba.

Mu buɗe dokar mu gani. Ba ta da tsawo, kowa zai iya karantawa a zama ɗaya. Farkonta ya ce ba a amince da auren jinsi ba, ba za a ɗaura shi a coci ko masallaci ba, kuma takardar da aka samo daga waje ba ta aiki a Najeriya. Da a nan ta tsaya, da ban rubuta komai ba. Amma sashe na 5 ya zarce. Shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren. Shekara 10 ga wanda ya yi rajistar ƙungiya ko kulob na masu wannan ɗabi'a, ko ya gudanar, ko ya shiga. Shekara 10 ga wanda ya nuna soyayyar jinsi a bainar jama'a, kai tsaye ko a kaikaice. Shekara 10 ga wanda ya halarta, ko ya taimaka, ko ya goyi bayan taronsu. To mene ne nunawa a kaikaice? A ƙasar Hausa abokai biyu maza suna tafiya riƙe da hannun juna daga masallaci har kasuwa, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Samari huɗu suna kwana a shago ɗaya. Mene ne goyon baya? Lauyan da ya tsaya wa wanda ake tuhuma? Ma'aikaciyar asibitin da ta ba shi magani? Mai gidan hayar da bai kore shi ba? Dokar da ba ta fayyace iyakarta ba, ɗan sandan da ke bakin hanya ne yake fayyace ta, shi kuwa da farashi yake fayyacewa.

Ga abin da ya biyo baya. Makonni kaɗan da sa hannu, a Janairun 2014, taron jama'a ya yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu ana tsakiyar sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma, suna neman a miƙo musu su, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. A Fabrairu, a unguwar Gishiri da ke Abuja, gungun matasa suka bi gida-gida da dare suna fito da maza suna duka. A Agustan 2018 'yan sanda suka kama mutum 57 a wani otal a Egbeda ta Legas, aka jera su gaban kyamara, aka gurfanar da 47. Ita ce shari'ar da aka ce za ta gwada ƙarfin dokar. Aka yi ta ɗagewa, masu gabatar da ƙara ba sa kawo shaidu, har a Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa na Babbar Kotun Tarayya ya kori ƙarar saboda rashin bibiya. Shekara biyu mutanen nan suna zarya a kotu, fuskokinsu sun zagaya duniya, wasu sun rasa aiki, wasu dangi sun juya musu baya, kuma a ƙarshe babu abin da aka tabbatar a kansu. A Disambar 2022 Hisba ta kama 19 a Kano. A Agustan 2023 aka tsare fiye da 60 a jihar Delta. A Oktoban 2023 jami'an sibil difens suka kama 76 a Gombe. Kullum labarin iri ɗaya: an samu rahoton sirri, an kai samame wajen biki, an yi holin mutane gaban 'yan jarida, sai kuma shiru. Holin shi ne hukuncin.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta fitowa a talabijin. Masu bincike da ke bin lafiyar irin waɗannan maza a wani asibiti a Abuja sun wallafa a 2015 cewa masu tsoron zuwa neman magani sun tashi daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin 100 bayan dokar. Wani zai ce to su suka jiyo. Sai dai da yawansu suna da mata a gida, domin a al'ummarmu matsin a yi aure ba ya barin kowa. Mai ɗauke da ƙanjamau da ya ƙi zuwa asibiti don tsoron kamu, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba yake kai wa, ita da abin da za ta haifa.

Yanzu mu koma ga shari'ar Musulunci, tunda da sunanta ake yawancin wannan hayaniya, kuma tun da Zamfara ta fara a zamanin Ahmad Sani Yarima jihohi 12 ne suke aiki da ita. Gaskiya ne Malikiyya sun tsananta a hukuncin luwaɗi, sun ce jifa ne, ko da yake Imamu Abu Hanifa yana ganin ta'aziri ne da alƙali zai ƙaddara. Amma malaman da suka faɗi hukuncin ba su tsaya nan ba, sun kewaye shi da katanga mai tsawo. Sai shaidu huɗu, maza, adilai, da suka ga abin da idonsu a lokaci guda, ganin da babu kokwanto a cikinsa. Ko kuma mutum ya yi iƙirari da bakinsa ba tare da tilas ba, kuma idan ya janye an karɓa. Idan uku suka shaida na huɗu ya yi inda-inda, ukun nan ne za su kwanta a yi musu bulala tamanin-tamanin, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta tanada, kuma a daina karɓar shaidarsu. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a kowane zaure a ƙasar nan, wadda ta kawo hukuncin jifan, ita ce kuma ta ce wanda ya kira wani da sunan mai luwaɗi a tsayar masa da haddi. Mun haddace layin farko, mun tsallake na biyu.

Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana zato da bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini, ta kuma yi alƙawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, kuma malaman tafsiri sun sa masu yayata labarinta a ciki. Da wani sahabi mai suna Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana iƙirarin zina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kawar da kai ya riƙa yi yana ba shi hanyar komawa, daga baya kuma ya ce wa wanda ya ba shi shawarar zuwa da ya rufe shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Malaman da suka yi rubutu kan hisba sun sa sharaɗi cewa abin ƙin ya kasance a bayyane, ba wanda sai an haura katanga ko an kasa kunne a jikin ƙofa ba. Ƙa'idar kawar da haddi da shubuha ita ce ta kuɓutar da Safiya Husaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003 daga hukuncin jifa kan zina, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a ne suka sake su, alƙalai masu rawani, ba Turawa ba. To a wane babi na fiƙihu aka samo ƙwace wayar saurayi a bincika saƙonninsa? A wane babi aka samo jera mutane gaban kyamara kafin alƙali ya gan su?

Na ga yadda ƙazafin nan yake aiki a kusa. A wata unguwa da na zauna akwai wani yaro tela, ɗinkin mata yake yi, hannunsa yana da kyau, muryarsa siririya, tafiyarsa da ɗan rangwaɗa tun yana ƙarami. Ya yi saɓani da wani kan kuɗin ɗinki. Kwana biyu sai ga hotonsa yana yawo a WhatsApp, an rubuta kalma ɗaya a ƙasa. Ba shaida, ba wanda aka ce an gan shi da shi. Matan da ke kawo masa atamfa suka ɗauke ƙafa, don mazajensu sun hana. Mai shagon ya ce ya kwashe kekensa. Ƙanwarsa da aka sa wa rana, dangin mijin suka aiko a dakata tukuna. Mahaifinsa, dattijo mai sayar da hula, ya koma yin sallar asuba a wani masallaci mai nisa don kada a haɗa ido. Yaron ya bar garin da dare. Wanda ya tura hoton yana nan yana yawonsa, har ana ce masa mai kishin addini. A ma'aunin Risala, shi ne mai laifin da ya tabbata a wannan labari.

Kuma ba yau muka fara zama da mutanen da halittarsu ko ɗabi'arsu ta saɓa ba. 'Yan daudu sun daɗe a garuruwanmu, suna tuyar kaji a tasha, suna girkin biki, ana yi musu dariya, ana yi musu wa'azi, malamai suna ƙyamar sana'ar wasunsu, amma ba a taru an ƙone su ba. Iyayenmu ba su fi mu sakaci da addini ba. Sun dai san bambanci tsakanin ƙin hali da farautar mai shi, sun kuma san abin da ke bayan ƙofa na mai ƙofar ne da Ubangijinsa har sai ya fito da shi.

Inda ya kamata a ga zafinmu kuwa, a nan muke sanyi. Babban mutum ya lalata ƙaramin yaro, almajiri ko ɗan makwabta ko ɗalibin makarantar kwana, wannan fyaɗe ne, zalunci ne tsagwaronsa, akwai wanda aka cuta, likita kuma yana iya tabbatarwa. Sau nawa ake kashe irin wannan magana a zauren mai unguwa don mai laifin yana da gemu ko yana da kuɗi, a ce a rufa asiri? Rufin asirin da aka hana tela marar gata, shi ake shimfiɗa wa mai cin zarafin yara. Cakuɗa waɗannan abubuwa biyu a ƙarƙashin suna ɗaya ya taimaki azzalumai ƙwarai, don hayaniyar tana tafiya wajen biki a otal, yaron da aka cuta kuma ba mai bi masa kadi.

'Yan siyasa sun gane amfanin wannan batu tuni. Ba ya cin ko sisi a kasafin kuɗi, kuma yana sa a manta da wutar lantarki. Mu kanmu mun zama busasshiyar ciyawa, ƙyastu ɗaya ya ishe mu. A Yulin 2024 jaridar Daily Trust ta buga cewa yarjejeniyar Samowa da Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai tana ɗauke da sharaɗin amincewa da masu neman jinsi a kan dala biliyan 150. Kafin la'asar an gama tsine wa ministoci a Facebook da TikTok, ranar Juma'a mumbarori suka ɗauka. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta fito ta ce ta karanta takardar, babu wannan sharaɗi. Hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta bincika ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi afuwa, abin da ya kamata a yaba mata. Amma cikin waɗanda suka yi huɗuba a kan labarin farko, nawa ne suka sake hawa mumbari suka warware? A watan da ake wannan ƙura, tsadar abinci ta kai inda matasa suka fantsama kan titi a farkon Agusta, aka rasa rayuka.

Na san za a ce wannan ai sharar fage ce, yau a ce a daina kame, gobe a ce a halatta. Ban raina wannan tsoro ba, don a wasu ƙasashen haka abin ya bi daki-daki. Amma a can ra'ayin jama'a ne ya fara juyawa, coci-coci suka zama kango, sannan doka ta bi sahu. Ba rashin kame ne ya kawo auren jinsi Holan ba. Idan imanin mutane ya tafi, sashe na 5 ba zai riƙe shi ba. Idan kuma yana nan, kamar yadda kashi 2 cikin 100 ɗin nan ya nuna, to ba ya bukatar a tozarta kowa don ya tsaya.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. A bar sassan da suka ce Najeriya ba ta san wani aure ba sai na namiji da mace, wannan shi ne ra'ayin ƙasa, kuma ra'ayina ne. A goge maganar nunawa a kaikaice da maganar goyon baya, ko a fayyace su yadda lauya da likita da mai gidan haya za su san ba su shiga uku ba. A hana kowace hukuma, ta tarayya ko ta jiha, holin waɗanda ake zargi gaban kyamara kafin hukunci, kan kowane irin laifi ma. Wanda ya jagoranci gungun masu duka a gurfanar da shi kamar kowane ɗan daba. Su kuma jihohinmu masu shari'a, kundin laifuffukansu ya riga ya tanadi babin ƙazafi da bulalarsa tamanin. Ba marmarin ganin ana dukan kowa nake yi ba, amma ina so hukumomin Hisba su buɗe teburin karɓar ƙorafin wanda aka jefa da wannan kalma a Facebook ko WhatsApp, su kira wanda ya rubuta, su ce masa ya kawo shaidunsa huɗu.